Yadda Ake Duba Man Birki da Canza Shi a Tsohuwar Mota

Masu karatu da dama, musamman masu tsofaffin motoci irin su Golf, Peugeot 406, Corolla, Accord da Hiace, sun yi ta tambaya a kan man birki: yaushe ake canza shi, wane iri ake zubawa, kuma ko mai mota zai iya yin aikin da kansa a gida. Zai iya, matuƙar yana da mataimaki ɗaya da 'yan kayan aiki, kuma ya yarda zai bi matakan ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba. Abin da za a fara fahimta shi ne, ƙara mai a tanki idan ya yi ƙasa daban yake da canza shi. Motoci da yawa sun shekara da shekaru ana yi musu ƙari, amma man da ke kwance a cikin bututu da kalifa (ƙarfen da ke matse takalman birki a jikin diski), wato inda zafin yake, yana nan tun wanda suka shigo da shi ƙasar.

Man birki yana shan danshi daga iska, ta murfin tanki da ta jikin tiyon roba, kuma a damina abin ya fi sauri. Sabon mai na DOT 3 (DOT da lambarsa su ne ajin man da ake rubutawa a jikin kwalba) ba ya tafasa sai zafinsa ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Selshiyos, amma idan ya sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin 100, ma'aunin yana saukowa zuwa wajen digiri 140. Motar da ta ɗauko kaya tana gangarowa daga Hawan Kibo ko daga tsaunin Mambila, direba yana ta taka birki, za ta iya kai wannan zafin. Da zarar man ya tafasa sai tururi ya cika bututu, fedal ya tafi ƙasa babu kamu. Ruwan nan kuma shi ne yake sa tsatsa ta cinye kalifa da masta, wato famfon da ke tura mai zuwa tayoyi idan an taka fedal, daga ciki.

1. Duba halin da man yake ciki

Ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, ka kashe inji, ka buɗe bonet. Tankin man birki ƙaramin kofi ne na farar roba da ke zaune a kan masta, daidai gaban wurin zaman direba. A jikinsa akwai layi biyu, na sama MAX, na ƙasa MIN, kuma man ya kamata ya tsaya a tsakaninsu. Ka goge murfin da tsumma mai tsafta kafin ka buɗe, domin ƙurar da ta taru a kai, musamman ta hunturu, kada ta faɗa ciki.

Sabon mai garai-garai yake, da ɗan launin ruwan ɗorawa mai haske. Idan ya koma ruwan ƙasa ko baƙi, ko ka ga baƙin gari a gindin tankin, lokacin canji ya wuce. Sai dai launi kaɗai ba hujja ba ce, domin mai yana iya shan ruwa sosai alhali yana da haske. Akwai wata 'yar na'ura mai siffar biro da ake tsomawa a tanki ta nuna yawan ruwan da fitilu. Idan ta nuna kashi 3 cikin 100 ko fiye, a canza. Wanda ba shi da ita ya bi lokaci: yawancin kamfanonin motocin Turai suna cewa duk shekara 2, Honda kuma shekara 3, ko motar ta yi tafiya ko ba ta yi ba. A tsohuwar mota shekara 2 na fi ba da shawara. Wanda ya sayi mota ta hannu kuma bai san tarihinta ba, ya canza tun a makon farko.

Gargaɗi: man yana sauka a hankali yayin da takalman birki suke cinyewa, wannan ba matsala ba ce. Amma idan kana ƙara mai duk mako ko duk wata, akwai inda yake yoyo, kuma canza mai ba zai magance shi ba. A nemo wurin a gyara tukuna.

2. Zaɓar man da ya dace

Ka karanta abin da aka rubuta a kan murfin tankin, domin nan kamfani yake faɗin irin man da motar ke buƙata. Tsofaffin motocin Japan galibi DOT 3 ne, na Turai kuma DOT 4. Mafi ƙarancin zafin tafasar sabon DOT 4 digiri 230 ne, idan ya sha ruwa 155, na DOT 5.1 kuma 260 da 180. Waɗannan ukun asalinsu ɗaya ne, suna gauraya da juna. Motar DOT 3 tana karɓar DOT 4, amma motar da aka rubuta mata DOT 4 kada a mayar da ita DOT 3 don neman araha.

Gargaɗi: DOT 5, wanda ba shi da ɗigo da 1 a gabansa, na silikon ne, launinsa shunayya, ba ya gauraya da sauran kuma bai dace da mota mai ABS ba, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa idan an taka birki da ƙarfi. Haka nan tsofaffin Citroën irin su BX da Xantia suna amfani da wani koren mai da ake kira LHM, wanda idan aka zuba musu DOT zai lalata robobinsu, shi ma idan aka zuba shi a motar DOT haka. Baƙin mai, man giya, man sitiyari, fetur da kananzir duk suna kumbura robobin birki. Ko cokali ɗaya ne ya shiga tanki, sai an canza robobin gaba ɗaya. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa idan mai ya ƙare musu a hanya kuwa, jefa rayukan fasinjoji ne cikin haɗari, domin ruwa a digiri 100 yake tafasa.

Ka sayi man a rufe da hatiminsa, daga shagon da ka amince da shi, domin jabu ya yi yawa a kasuwa. Kada ka sayi wanda ake aunawa daga buɗaɗɗen galan, kuma kada ka yi amfani da ragowar kwalbar da ta yi watanni a buɗe a bayan mota, domin ta riga ta sha danshi.

3. Kayan aiki da abin da za a kashe

Lita 1 ta sabon mai tana isar ƙaramar mota. Bas ko a-kori-kura a tanadi lita ɗaya da rabi. Sai sifana mai zobe daidai da nipil, wato ɗan notin nan mai huda da ake fitar da iska ta cikinsa, wanda galibi lamba 8 ne ko 10, a wasu motocin Turai kuma 7, 9 ko 11. Za a buƙaci siririn tiyo da ake ganin cikinsa, mai tsawon kamar rabin mita, wanda zai kama bakin nipil tsam, da gorar roba mai haske, da babban sirinji sabo, da jak, da ƙarafan tokare mota, da burushin waya, da man feshi mai sassauta tsatsa irin su WD-40, da tsumma, da bokitin ruwa, da guntun katako mai kaurin yatsu biyu.

Man shi ne babban abin kashewa, kuma farashinsa yana bin canjin kuɗi da sunan kamfani. DOT 4 ya ɗara DOT 3 tsada kaɗan, DOT 5.1 ya fi su duka. Tiyo da sirinji ba su da wata tsada. Ko an haɗa da ladan makanike, kuɗin aikin bai kai na sabon masta ko kalifa ɗaya ba. Idan makanike za ka ba, ka sayo man da kanka, ka tsaya ka ga an buɗe tayoyi huɗun duka, domin wasu tankin kawai suke zuƙewa su cika da sabo su ce an canza.

Gargaɗi: man birki yana cin fenti cikin ɗan lokaci. Ka shimfiɗa tsumma a gefen tanki, kuma inda ya ɗiga ka kwara ruwa nan take, kada ka goga da busasshen tsumma. Ka kare idonka, ka wanke hannu bayan aiki.

4. Ɗaga mota da binciken yoyo

Ka bari birkin ya huce. Ka sa waigi a tayoyin da za su zauna a ƙasa, ka sassauta notocin taya tun motar tana ƙasa, sannan ka ɗaga ta ka ɗora a kan ƙarafan tokare. Wanda ba shi da huɗu yana iya yin taya ɗaya bayan ɗaya.

Gargaɗi: kada ka sa kanka ko hannunka ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulo na siminti yana fashewa ba zato. Ka tura tayar da ka cire ƙarƙashin motar a matsayin kariya ta biyu.

Da ka cire taya, ka duba tiyon roba da ke zuwa kalifa ta hanyar lanƙwasa shi a hankali. Idan ya tsattsage, ko ya jiƙe, ko yana kumbura lokacin da mataimakinka ya taka birki, a canza shi yanzu, tunda dama za a buɗe layin. Ka bi bututun ƙarfe da ido har ƙarƙashin motar, domin motocin da suka fito daga ƙasashen da ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara sukan zo da tsatsa a nan. A tayoyin baya masu durom, ka duba ƙasan farantin baya. Jiƙa a wurin alama ce ta yoyon silindar taya.

5. Gwada kowane nipil kafin a taɓa mai

Wannan matakin ne mutane suka fi tsallakewa, kuma a tsohuwar mota shi ne yake raba aikin awa ɗaya da na kwana biyu. Nipil ƙarfe ne siriri mai rami a tsakiya, idan ya shekara goma ba a taɓa shi ba yakan manne da kalifa, kuma da an matsa masa da ƙarfi sai ya gutsire ya bar rabinsa a ciki. Ka cire hular robar da ke kansa, ka goge shi da burushin waya, ka fesa man sassauta tsatsa a gindinsa, ka ba shi aƙalla minti 15. Idan tsatsar ta yi yawa, a fesa tun daren jiya. Daga nan ka sa sifana mai zobe ko soket mai kusurwa shida, ka ɗan bubbuga hannun sifanar da tafin hannu maimakon ka ja da ƙarfi a lokaci ɗaya. Da ya motsa, ka mayar ka rufe, ka wuce na gaba.

Gargaɗi: sifana mai buɗaɗɗen baki da filaya suna cinye kusurwoyin nipil. Kuma kada man feshin ya taɓa diski ko takalmin birki. Idan nipil ɗaya ya ƙi motsi bayan ƙoƙari biyu ko uku, ka dakata a nan ka kai motar gareji tana da birkinta, tunda ba ka riga ka zubar da komai ba. Idan ya buɗe amma mai bai fito ba, datti ne ya toshe raminsa. A cire shi a zura siririyar waya, ko a sa sabo, ba shi da tsada.

6. Zuƙe tsohon mai daga tanki

Ka cire murfi da 'yar rariyar da ke bakin tankin, ka zuƙe tsohon man da sirinji, amma ka bar kaɗan ya rufe ramukan da ke gindi domin kada iska ta shiga masta. Ka cika da sabo har layin MAX, ka ɗora murfin ba tare da ka ɗaure ba. Kada kowa ya taka fedal a wannan lokacin.

7. Jerin da za a bi

Ƙa'idar da aka fi sani ita ce a fara da tayar da ta fi nisa da masta. A motar da sitiyarinta ke hagu, jerin shi ne baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu. Ba kowace mota ke bin wannan ba. Accord na shekarun 2000, alal misali, ana fara ta daga gaba hagu, sai gaba dama, baya dama, baya hagu. Idan littafin motar yana nan, shi za a bi.

8. Fitar da tsohon mai a kowace taya

Inji a kashe yake, makulli a cire. Ka ajiye guntun katakon nan a ƙarƙashin fedal yadda ba zai iya kaiwa ƙasa ba. Dalilinsa yana da muhimmanci ƙwarai. A tuƙi na yau da kullum fistan ɗin masta ɗan wuri kaɗan yake zirga-zirga, sauran ramin kuma da ba ya kaiwa yakan tara tsatsa da datti tsawon shekaru. Idan aka buɗe nipil aka danna fedal har ƙasa, robar fistan za ta bi ta kan wannan tsatsar ta yage, sai a gama aiki a tarar fedal yana nutsewa, a ɗora laifin a kan sabon mai, alhali masta ne aka kashe da ƙafa.

Ka zuba sabon mai kaɗan a gorar, ka sa sifana a kan nipil, sannan ka cusa tiyo a bakinsa, ɗaya bakin tiyon kuma ya nutse cikin man da ke gorar. Mataimakinka ya zauna a kujerar direba, gilashi a sauke yadda za ku riƙa jin juna. Sai ku yi haka:

Ka ce masa ya taka. Ya taka a hankali sau uku, a na ukun ya riƙe, ya ce ya riƙe. Ka buɗe nipil kamar kwatan zagaye. Mai zai fito ta tiyo, fedal ya sauka har kan katako. Ka rufe nipil tun man bai gama tsayawa ba. Bayan ka rufe ne kawai za ka ce masa ya saki, shi kuma ya saki a hankali, ku jira daƙiƙa biyar kafin ku sake.

Gargaɗi: idan ya saki fedal nipil yana buɗe, iska za ta koma ciki. Ku daidaita kalmominku tun kafin farawa, kuma kada ya riƙa bugun fedal da sauri, domin hakan yana kaɗa man ya yi kumfa ƙanana masu wuyar fita.

Ku ci gaba har sai man da ke bi ta tiyo ya koma launin sabo kuma babu ƙwayar iska ko ɗaya. Tayar farko ce ta fi cin lokaci da mai, domin ita ke wanke masta da dogon bututu. Sauran ba sa ɗaukar haka. Bayan kowane buɗewa biyar ko shida, ka tashi ka leƙa tanki ka ƙara mai.

Gargaɗi: kada man tanki ya sauka ƙasa da layin MIN. Idan ya ƙafe, masta zai zuƙi iska, dole a sake aikin daga farko, kuma a mota mai ABS matsalar tana iya wuce abin da za a gyara a gida.

Idan taya ta gama, ka ɗaure nipil daidai, da ƙarfin yatsu a kan gajeriyar sifana. Ga mai sifanar awo, wajen Nm 8 zuwa 10 ya isa yawancin ƙananan motoci. Ka wanke wurin da ruwa, ka mayar da hular roba. Idan durom a cire yake, kada a taka birki ko kaɗan, domin fistan ɗin silindar taya zai fito waje.

Wanda bai sami mataimaki ba yana iya buɗe nipil ya bar man ya riƙa ɗiga da kansa ta tiyo, yana ƙara sabo a tanki. Hanyar tana da jinkiri, amma ba ta wahalar da tsohon masta, don haka ga motar da ta tsufa sosai kuma iska ba ta shiga layinta ba, ita na fi so.

9. ABS, bawul ɗin kaya da kulochi

Mota mai ABS ana canza mata mai kamar yadda aka bayyana, muddin tanki bai ƙafe ba. Idan iska ta shiga famfon ABS, a motoci da yawa sai an haɗa kwamfutar duba mota ta kunna famfon kafin iskar ta fita.

Motocin ɗaukar kaya irin su Hilux, da wasu tsofaffin Golf da Peugeot, suna da wani bawul kusa da gatarin baya wanda ke rage ƙarfin birkin baya idan babu kaya. Idan an ɗaga motar tayoyin baya suna reto, bawul ɗin yana rage hanyar mai, sai a ga yana fitowa da ƙyar. A tokare motar ta ƙarƙashin gatarin yadda nauyinta zai zauna a kansa. A tsofaffin Hilux bawul ɗin yana da nasa nipil, a fitar da shi bayan an gama tayoyi.

Idan kulochin motar na mai ne, shi ma man birki yake sha, wani lokaci daga tanki ɗaya, wani lokaci daga nasa ƙaramin kofi. A canza shi a rana ɗaya ta nipil ɗin da ke jikin giyabos.

10. Gwaji kafin hawa titi

Ka cika tanki zuwa MAX idan takalman birki sababbi ne. Idan sun ci rabi, ka tsaya ƙasa da layin kaɗan, domin ranar da aka sa sababbin takalma man zai dawo sama ya yi ambaliya. Ka ɗaure murfi, ka cire katako, ka mayar da tayoyi, ka sauke motar, ka ƙarasa ɗaure notoci.

Inji a kashe, ka taka fedal sau da yawa. Ya kamata ya yi tauri a sama. Ka riƙe shi da ƙarfi na daƙiƙa 30. Idan yana da laushi kamar soso amma yana tauri in an maimaita takawa, akwai sauran iska, a sake zagaya tayoyin. Idan kuwa yana nutsewa a hankali ƙarƙashin ƙafa, ko dai akwai yoyo ko robar masta ta mutu, kuma motar ba za ta fita ba sai an gyara. Daga nan ka tayar da inji ƙafarka tana kan fedal. Zai ɗan sauka kaɗan ya tsaya, wannan alama ce busta, wato na'urar da ke ƙara wa ƙafa ƙarfin taka birki, tana aiki. Ka sake leƙa kowane nipil ka tabbatar a bushe yake, sannan ka gwada motar a layin da babu mutane, da gudun kilomita 20 zuwa 30, ka lura ko tana fizga gefe ɗaya.

Gargaɗi: idan an taɓa cire kalifa kuma iska ta ƙi ƙarewa duk yadda aka yi, a duba ko nipil yana sama. Kalifar hagu da aka ɗaura a dama nipil ɗinta yana komawa ƙasa, iska kuma sama take taruwa.

11. Tsohon mai da kulawa ta gaba

Tsohon man guba ne. Kada a zuba shi a kwata ko kusa da rijiya, kuma kada a bar shi a gorar lemo inda yaro zai ɗauka ya sha. A rufe shi a rubuta a jiki, a kai gareji. Ka rubuta ranar canjin da irin man a takarda ka manna kusa da tanki. Washegari ka sake duba ma'aunin da ƙarƙashin motar, bayan mako ɗaya ka ƙara dubawa, daga nan kuma sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya. Idan sabon man ya yi baƙi cikin 'yan makonni, robobin masta ko tiyo ne suke narkewa, a kai wa makanike ya canza su.